Shirun Tsirya Ba Sabo Ba Ne

Bara waccan, saura kwana huɗu ƙaramar salla, na goya autata a moto muka shiga babbar kasuwar Garwa neman takalmi. Takalmin bai samu ba sai bayan la'asar, amma tun kafin azahar an raba ni da jaka shida. A bakin wata 'yar rumfa da ake sayar da tattabaru da zomaye yarinyar ta ja ta tsaya. Tsirya ce guda biyu a kejin waya, kore shar, jelarsu ta lanƙwashe saboda kejin ya yi musu kaɗan. Mai rumfar ya zura hannu ya ciro ɗaya, ya ɗora ta a yatsa, ta zauna lakwas, ba cizo ba kuka. Ya sauke ta a kafaɗar yarinya, nan ma ko motsi.

"Alhaji, ka dai gani da idonka," in ji shi. "'Yan gida ne, a hannu suka tashi. Wannan namiji, wannan mace. In Allah ya yarda kafin babbar salla sun fara sallama." Yarinya ta ɗago ta dube ni ta ce, "Baba." Ba ta ƙara komai ba. Duk uban da ya taɓa shiga kasuwa da 'yar shekara bakwai ya san daga nan ciniki ya faɗa, abin da ya rage neman ragi ne kawai don kada a ce ba ka yi magana ba.

Washegarin salla muka wayi gari ɗaya tana kwance a ƙasan keji. Ɗayar kuwa, da ta samu 'yan kwanaki tana cin gero tana shan ruwa, sai ta dawo hayyacinta ta nuna mana ko ita wace ce. Ko inuwar mutum ta gani sai ta yi ta dukan waya da ƙirji tana ihu. Na miƙa mata yatsa yadda na ga an yi a kasuwa, ta kama shi sai da jini ya fito. Da na koma rumfar bayan salla, mutumin ya tarbe ni da fara'a. "Haba Alhaji, rai ai na Allah ne. Kaji ma ba mutuwa suke yi ba?" Ya yi mini tayin wata, wai zai rage mini ɗari biyar.

Haushin jaka shida ya daɗe da wucewa, na tafka asarar da ta fi wannan a cinikin rago. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da na gane daga baya game da shirun nan da na biya kuɗi dominsa. Tsuntsun da aka kamo daga daji, aka cusa a kwali, ya kwana biyu ba ci ba sha cikin zafin bazara, aka kuma datse masa fiffike, ba shi da ƙarfin cizon kowa. Zai zauna a yatsanka kamar yadda mai zazzaɓi yake zama inda aka zaunar da shi. Wannan galabaitar ce ake sayar mana da sunan "ɗan gida". Muddin kuwa mai saye yana neman tsuntsun da zai hau masa hannu tun a kasuwa, mai sayarwa zai samar masa, kuma hanyar da ake samar da irin wannan cikin kwana biyu guda ɗaya ce.

Tsirya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Wanda ya taɓa zama bakin Binuwai da sassafe ya ga wucewarsu a tare, kamar an saki kibau, suna ƙara. Yankinsu ya miƙe tun daga Senegal, ya ratsa arewacin Najeriya da namu na Kamaru da Cadi har Sudan, suna kuma da 'yan'uwa a Indiya. Tsawonta har jela yakan kai santimita 40, in kuma ta samu kulawa tana haura shekara 20 a gida. Wato yarinyar da aka saya wa tana aji biyu za ta iya yin aure ta haihu, tsuntsuwar tana nan tana jiran a canza mata ruwa. Ban yi wannan lissafin ba a bakin rumfa, kuma ban ga wanda yake yi ba. A kogon itace take ƙwai. Shi ya sa masu ɗibar 'ya'yanta sukan hau da gatari su fasa bakin kogon, su kwashe, su bar ramin da ba zai sake zaunuwa ba, a ƙasar da manyan itatuwa masu kogo suke ƙarewa a buhun gawayi.

Batun "wannan namiji, wannan mace" kuwa, ba sai an je wurin masani ba. Namijin tsirya da zoben wuya ake gane shi, baƙi ta maƙogwaro, ja-ja ta ƙeya, kuma zoben ba ya fitowa sai tsuntsu ya doshi shekara biyu zuwa uku. Kafin nan ƙaramin namiji da mace kamarsu ɗaya, ko wanda ya tsufa a kiwo sai dai ya yi kirdado. Nawa duka biyun babu mai zobe. Magana ma haka take. Wasu sukan kwaikwayi kalma ɗaya ko biyu, da yawa har su mutu ba su ce uffan ba, balle wadda aka kamo da girmanta. Aku ne mai bakin magana, shi ma ba kowanne ba. Wanda ya yi maka alkawarin sallama kafin babbar salla, cinikin biri a sama kuka yi.

Na san amsar da manomi zai ba ni, don ni ma gidan noma na fito. Tsirya ɓarauniyar dawa ce, ta sauka a kan zangarniya ta ci rabi ta zubar da rabi, kuma mai gonar masakwa a wajen Marwa ba zai zubar mata da hawaye ba. Ba ta kuma cikin tsuntsayen da ake jin tsoron ƙarewarsu. A duk dangin aku jinsi huɗu ne kacal yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ba ta sa wa takunkumi ba, kuma tana cikinsu. Waɗanda suka kuɓuce daga keji a Turai sun hayayyafa har sun cika lambunan Landan. Duk na yarda. Amma yawan 'yan'uwanta a Landan bai rage wa wadda ke cikin kwali ƙishirwa ba. Manomin da ya kore ta da gwangwani da majajjawa abincin iyalinsa yake karewa, ba ni da ta cewa a kansa. Maganata da wanda ya hana ta ruwa don ta yi laushi a idon mai saye ne.

Aku ma ai an taɓa yi masa kallon abin da ba ya ƙarewa. Shekara da shekaru Kamaru tana cikin manyan masu fitar da shi, da izinin hukuma, har guda 12,000 a shekara, ban da waɗanda suka mutu a danƙo da raga da kwando kafin su ga filin jirgi, ban da na fasa-ƙwauri. A Gana bincike ya nuna an rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akun ƙasar daga 1992. Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga tsuntsayen daji a 2005 saboda murar tsuntsaye, ta mayar da hanin na dindindin a 2007. A Oktoban 2016, a taron CITES da aka yi a Johanasbag, aka haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. A nan gida, dokar gandun daji ta 1994 ta kasa namun daji aji uku, kuma yanzu aku yana ajin A, na waɗanda aka fi ba kariya, tare da zaki da raƙumin dawa. Dokar ta ce wanda aka samu da irin wannan dabba, a raye ko a mace, shi ake ɗauka ya kama ta. Wadda ta maye gurbinta a Yulin 2024 ƙara tsananta hukuncin ta yi. Duk da haka, aku ba ya zama dajin arewa, daga kurmin kudu da gabas yake fitowa, irin su dajin Lobeke, amma ga shi a zauren alhazai a Garwa da Marwa da Kusiri. Tafiyar sama da kilomita dubu ya yi a ɓoye, a ƙarƙashin kaya, kafin ya zo ya koyi cewa "sannu da zuwa". Hannun da ya kawo shi da rumfar da ta karɓe shi su ne dai masu tsirya. Rumfar da aka bari tana yin yadda ta ga dama da tsuntsu mai araha, ba za ta yi wa mai tsada adalci ba.

Wani zai ce ai addini bai hana ajiye tsuntsu ba. Gaskiya ne, bai hana ba. Anas bin Malik yana da ƙane, Abu Umair, mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi (SAW) yakan tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha, kuma da wannan malamai suka kafa hujjar halacci. Sai dai mukan ɗauki wannan hadisi mu bar maƙwabtansa. Matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, kulle ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Akwai kuma wanda ya fi dacewa da zancenmu, na Ibn Mas'ud: suna cikin tafiya sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana shawagi tana kaɗa fiffike, Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Shi kuma mai rumfa nasa hadisin yana jiransa, na mutumin da ya ɓoye jiƙaƙƙen hatsi a ƙarƙashin busasshe, aka ce mai algus ba ya cikinmu. Tsuntsu marar lafiya da aka nuna a matsayin mai ladabi, me ya raba shi da wannan hatsin?

Wanda tausayi bai motsa shi ba, to ya duba akurkinsa. Tsuntsayen dangin aku suna ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke kama mutum ta ƙurar busasshen kashinsu, ta zo da zazzaɓi da ciwon kai da tari, wani lokaci ta sauka a huhu. Tana da magani, amma a garin da kowane zazzaɓi sunansa maleriya, wa zai tambaye ka ko ka sayi tsuntsu kwanan nan? Tsuntsun da ya wahala, aka cunkusa shi da wasu, shi ya fi zubar da ita. Suna kuma ɗaukar cutar Niwkasil mai share kaji. A 1971 tsuntsayen keji da aka shigo da su suka kai ta kudancin Kalifoniya a Amurka, sai da aka hallaka kaji kusan miliyan 12 kafin a shawo kanta. Mu kuma da muka ga murar tsuntsaye a Marwa a 2006, muka sake ganinta a Yawunde a 2016, har yanzu mukan sayo tsuntsu da rana, da yamma mu rataye kejinsa a saman kajin uwargida da zabin tsohuwa. Ƙa'idar masu kiwo ita ce a ware baƙon tsuntsu wata guda cur, nesa da na gida, da kwanonsa daban.

Abin mamaki, a garin nan namu ne makarantar koyon aikin namun daji take, wadda tun 1970 ɗalibai ke zuwa mata daga ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci. A Bokle kuma, nan bayan gari, ga LANAVET mai yin allurar riga-kafin dabbobi. Ilimin yana nan kusa, bai dai taka zuwa bakin rumfa ba. Saniya ba ta wuce mahauta sai ma'aikacin dabbobi ya duba ta. Tsuntsun da zai kwana ɗaki ɗaya da yara, ba mai ko leƙa shi.

Tsiryar da ta rage mana, wani dattijo maƙwabcinmu ne ya cece ta, mutumin da yake kiwon tattabaru tun ina wasan ƙasa. Ihunta ya jiyo ta katanga ya shigo. Ya tarar na rataye kejin a tsakiyar tsakar gida, yara shida sun kewaye shi, wannan na tsokana da tsinke, wancan na cewa "ce salamu alaikum". Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, in kai aka rataye a tsakiyar kasuwa, ƙattai suka kewaye ka, za ka yi sallama?" Na ce, "To Baffa, ya za a yi?" Ya ce, "Ka daina kallonta."

Na ɗauka wasa yake. Ashe duk karatun yana cikin wannan. Idonmu a gaba yake kamar na mage da shaho, saboda haka zuba wa tsuntsu ido a wurinsa shirin farauta ne. Hannun da ke saukowa ta sama kuma shi ne hannun da ya ciro ta daga kogo, ko ya ɓamɓare ta daga danƙo. Abin da ya sa ni yi ke nan: na kai wa mai walda aiki ya yi keji mai faɗin mita guda, domin tsuntsu gefe yake tashi, faɗi ya fi masa amfani a kan tsawo, kuma kejin nan zagayayye mai kyan gani ba shi da lungun da zai fake. Muka jingina shi da bango a inuwar dogon yaro, daidai ƙirjin mutum, muka rufe gefe ɗaya da tsohon zane, muka sa reshen gwaiba maimakon sandar roba. Aka kafa wa yara doka. Sati biyu ba abin da nake yi sai canza ruwa da abinci, a lokaci ɗaya kullum, da ɗan fito iri ɗaya don ta san ni ne tafe.

Daga nan na mayar da lazimina na safe kusa da kejin. In zauna a karkace, in ba ta kafaɗa, in yi ta jan carbi. Kwanakin farko maƙalewa take yi a can ƙurya, jikinta a tsuke, tana haki. Ranar da ta sauko ta ci gero ina zaune, Baffa ya ce an ci rabin tafiya. Alamomin da ya koya mini ke nan, kuma kowa zai iya dubawa: in ta ci a gabanka, in ta tsaya da ƙafa ɗaya, in ta shiga gyaran gashinta kana wurin, ta fara mantawa da kai, mantawar kuwa ita ake nema. Sai zangarniyar gero, doguwa, ta tsakanin waya, ni a wannan ƙarshe ita a wancan. Kullum in rage tsawonta kaɗan. Minti biyar, goma, in tashi tun ba ta gaji ba. Ranar da na yi garaje na zura hannu ciki, sai da muka koma baya da sati guda. A wata na uku ta karɓi ƙwayar gyaɗa daga yatsuna. A na biyar, bayan ta zubar da tsohon gashi fiffikenta ya dawo, muka buɗe mata ƙofa a cikin ɗaki, taga a rufe, fanka a kashe. Ta taka sanda. A na bakwai ta tashi da kanta ta sauka a kafaɗar auta, wadda duk tsawon watannin nan tana zaune a gefena tana karatun allo, ba ta taɓa miƙa mata hannu ba.

Ni har yau ba ta hawa hannuna, kuma ina ganin tana da hujja. Wuyanta fes, babu zobe, ita ce kuwa aka ce mini namiji. Sallama ba ta yi ba. Ƙarar wayata dai ta iya, har takan tashe ni daga ƙailula ina lalube.

Akwai masu ba da shawarar a bar tsuntsu da yunwa don ya karɓi abinci a hannu. Dabarar mai rumfa ce aka shigo da ita gida. Ƙaramin tsuntsu jikinsa ba ya ajiya, yini ɗaya ko biyu ba ci yana iya kai shi. Abin da ake yi shi ne a bar masa abincinsa a kwano, a keɓe abin da ya fi so, shi kaɗai ne ba ya samu sai daga hannu.

Abincin ma mun cika zaluntarsu da shi cikin rashin sani. "Yana cin komai," in ji mai sayarwa, sai a bi tsuntsu da gero tsura shekara guda, ko a zuba masa ragowar tuwo da miya. Hatsi kaɗai ba ya riƙe shi, yana son ganyen zogale da alayyahu, karas, gwaiba, gwanda, mangwaro, ɗanyar masara. Gyaɗa kaɗan, kuma wadda ta yi fumfuna guba ce. Fiya, wato aboka da motocin kudu ke kawo mana, tana kashe shi. Goro, shayi, kofi, cakulan da gishiri duk ba nasa ba ne, ko da kuwa ya miƙo wuya yana roƙo. Sai hayaƙi, wanda a kansa ne muka fi yin gardama a gidana. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne, abin da ya shaƙa yana ratsa shi nan take. Maganin sauro na kunnawa da na feshi, hayaƙin murhu, da turaren wuta, duk suna iya kayar da shi a dare ɗaya. Ka je ka faɗa wa matar Bahaushe ta rage turaren wuta saboda tsuntsu, ka dawo ka ba ni labari. Mu dai sulhun da muka yi, ranar turare keji yana fita. A watan Maris da Afrilu kuma, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, kejin da ke ƙarƙashin kwano tanda ce. Inuwa da kwanon wanka ba gata ba ne a lokacin.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na zagi mai rumfa a zuciyata wata da watanni, alhali ni na nemi abin da ya sayar mini. Ban tambaye shi daga ina suka fito ba, ban duba kwanon ruwa ba, wanda da na tuna daga baya babu shi ma a kejin. Mun fi son mai araha, mun fi son wanda ya yi shiru, mun fi son jaririn da gashi bai gama rufe shi ba don an ce shi ya fi sabo. Irin wannan jaririn a hannun wanda bai iya ba kunu ake ɗura masa, ya shaƙe ko ya ƙone, cikin sati an jefar. Yanzu ma cinikin ya hau Facebook da WhatsApp, a sa hoton tsuntsun Turai, a karɓi kuɗi ta waya, a ɗoro maka kwali mai huji huɗu a motar haya daga Ngaundare, abin da ka buɗe ka gani naka ne.

Gyaran da nake gani bai kai a je majalisa ba. Tambaya ɗaya ce ta fi kowace doka kaifi: ina iyayensa? Mai kiwo na gaskiya zai ce mu je gida ka gani, har ya yi alfahari. Wasu sukan sa wa ɗan tsuntsu zobe rufaffe a ƙafa tun yana ɗan kwanaki, zoben da ba ya shiga ƙafar babba, to wannan shaida ce da baki ba ya ƙirƙira. Lafiyayyen tsuntsu kuma a rumfa shi ne mai guje maka, ido a buɗe tar, gashi a kwance, ƙasan jela a tsabtace. Wanda ya kumbura gashi yana gyangyaɗi da rana tsaka, bar shi, ko da ya hau maka kai. Sauran aikin na shugabannin kasuwa ne. Mu da muke da dillali da shaidu a cinikin akuya, muke mayar da dabba in aibi ya bayyana, me ya hana a ce mai tsuntsu ya ba da sati guda? Ranar da mutuwar kwana biyar ta koma aljihunsa, zai nemo kwanon ruwa ba sai an yi masa wa'azi ba. Ma'aikacin dabbobin da ke zagaya 'yan kaji kuma ya ƙara taku goma ya leƙa: akwai ruwa, akwai inuwa, guda nawa ne a keji, akwai jarirai? Mai karɓar kuɗin rumfa ai bai taɓa ɓata hanya ba.

Za a ce mutane na fama da tsadar masara da rashin tsaro, ni ina zancen tsuntsu, kuma yaron da ya hau itace abin sawa a baki yake nema. Ba na raina wannan, kuma ba na son a kama yaron. Sana'a nake so a canza masa, ga ta kuwa a rumfar da yake kai kaya. Ɗan ƙaramin tsuntsun nan mai zane a baya, kore ko shuɗi ko ruwan ɗorawa, da ake kira perush, asalinsa Ostireliya ne. Wani Bature masanin tsuntsaye, John Gould, ya kai shi Ingila a 1840, kuma tun 1894 ƙasarsa ta hana fitar da shi, saboda haka duk wanda ka gani, kaka da kakanni a keji aka ƙyanƙyashe su. Nauyinsa giram 30 zuwa 40 ne, gero yake ci. Macen takan yi ƙwai huɗu zuwa shida a ɗan akwatin katako, ta kwanta kwana 18, cikin sati shida 'ya'yan suna ci da kansu. Ba a iya yi maka ƙarya sosai a kansa: fatar saman baki shuɗiya a babban namiji, ruwan ƙasa a mace, ƙaramin da bai wuce wata uku zuwa huɗu ba kuma zanen kansa yana saukowa har goshi. Irin wannan yakan hau hannun yaro cikin 'yan makonni, ba yunwa ba almakashi. Samarin da suka iya haɗa tattabaru, suka san wace ce ke kwanci wace ce ke fasa ƙwai, wannan ba zai gagare su ba, kuma babu faɗowa daga kan kuka a cikinsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko masallaci, wani yaro ya yi sallama a ƙofar gidana da kwalin sabulu a hammata. An faɗa masa akwai mai son tsuntsu a nan. Ya buɗe, jarirai uku, gashi tsilli-tsilli, baki a hangame. "Baba, 'yan gida ne," in ji shi, ga kuwa ƙujewar itace a gwiwarsa da jini bai gama bushewa ba. Auta ta leƙa, ta dube ni, wannan karon ba ta ce komai ba. Na tambaye shi ko zai iya gane itacen, ya ce an riga an fasa kogon. Na ba shi ruwa ya sha, na ce ba na saye. Bai yi nisa ba, gida na uku daga nawa aka ɗauki biyu a jaka ɗaya da rabi. Daren nan muna jiyo kukansu ta katanga, tamu tana amsawa. Shekaranjiya kukan ya koma na guda ɗaya.